Ajans, ɗan albashi ko kai kaɗai: wa za ka ba riƙon shafinka na masu biyan wata?

Mai koyar da ɗinki a Garwa, ko mai darasin girki a Marwa, ko malamin da ke karantar da lissafi ta bidiyo daga Injamena, duk wanda mabiyansa suka fara biyan kuɗin wata don shiga wurin da yake ajiye darussa, ba zai daɗe ba saƙo zai shigo masa: "Mu ajans ne, mu riƙe maka shafi, kai dai ka ɗauki bidiyo kawai." Tayin yana da daɗin ji, musamman ga wanda ke kwana yana amsa saƙonni. Amma ajans dillali ne, kuma dillali da la'ada yake rayuwa. Abin dubawa shi ne ko abin da zai ƙaro maka ya fi abin da zai yanka, kuma a hannun wa makullin shago da kuɗin ciniki za su kwana.

Aikin da ake magana a kai kashi biyar ne: tace bidiyo da ɗora shi, talla don jawo sabbin mutane, amsa saƙonni, bin kuɗin abonema duk wata, da neman 'yan kasuwa masu son a tallata kayansu. A wurinmu na huɗun nan ne ya fi cin rai. Wanda ke karɓar kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo a Kamaru, ko Airtel Money da Moov Money a Chadi, sannan ya saka mutum a rufaffen zauren Telegram ko WhatsApp, ya san kuɗin ba ya sabunta kansa. Sai an tuna wa kowa, an duba lambar shaidar turawa a wayar da kuɗin ya shiga (hoton saƙon da mutum ya turo ba hujja ba ne, ana ƙirƙirarsa), an cire wanda bai biya ba. Mutum 40 za ka iya da littafi da biro. Mutum 300 kuwa aikin yini ne.

Zaɓi huɗu da ke gabanka

Na farko, ka ci gaba kai kaɗai. Idan abin da ke shigowa bai kai ya biya wani ba, magana ta ƙare, babu ajans na kirki da zai ɓata lokaci a kan ƙaramin kaso, wanda ya nace kuwa wani abu yake hange.

Na biyu, ka ɗauki mutum ɗaya a kan albashi ko kuɗin aiki: yaro mai iya tace bidiyo, ko ƙanwa mai natsuwa da za ta riƙe rajistar masu biya. Kuɗinsa a tsaye yake, ko ciniki ya ninka bai ƙaru ba sai ka ga dama. Rauninsa shi ne ba zai kawo maka sabuwar kasuwa ba, kuma kai ne za ka koya masa aikin. Ga yawancin masu shafi a arewacin Kamaru da Chadi, a ganinmu wannan ne ya fi dacewa, kuma shi ne aka fi tsallakewa saboda ba shi da ƙyalƙyali.

Na uku, ajans mai ɗaukar ɓangare ɗaya, misali talla kaɗai ko nemo 'yan kasuwa kaɗai, ya ci kamasho a kan abin da ya kawo da hannunsa. Lissafinsa a fili yake: ya kawo, ya ci, bai kawo ba, babu.

Na huɗu, ajans mai riƙe komai. Shi ne mai yanka mafi girma, ana jin daga kashi 20 har zuwa 50 cikin 100, kuma shi ne ke neman shiga ko'ina a asusunka. Yana da amfani ga wanda ya girma har aiki ya fi ƙarfin mutum biyu, amma nan ne ake yin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lissafin da ya kamata ka yi kafin ku zauna

Ɗauki misali. Kana da mutum 200, kowa na biyan sefa 2,000 a wata, jimla 400,000. Ajans ya ce kashi 40. Ranar da ka sa hannu, rabonka ya koma 240,000. Kafin ka dawo 400,000 ɗin da kake samu kai kaɗai, sai masu biya sun kai 334. Wato mutum 134 na farko da ajans zai kawo ba riba ba ne, cike gurbin la'adarsa ne. In kashi 30 ne, sai sun kai 286. In rabi da rabi ne, sai sun ninka zuwa 400. Ka tambaye shi kai tsaye: a wata nawa za ka kai ni wannan adadi, kuma ta wace hanya? Wanda ya san aikinsa zai ba ka amsa da lamba. Wanda bai sani ba zai ce maka "ka bar mana komai".

Akwai gyara mai sauƙi da ke canza lissafin gaba ɗaya. A ɗauki matsakaicin abin da ka samu a wata uku na baya a matsayin tushe, kamasho ya hau kan abin da ya ɗaru a kai kawai. Idan ciniki ya tashi daga 400,000 zuwa 600,000, kashi 40 na ƙarin 200,000 shi ne 80,000, ka tashi da 520,000. In kuwa a kan duka aka yanka, ajans ya ɗauki 240,000, ka tashi da 360,000, ƙasa da abin da kake samu kafin ya zo, alhali shafin ya girma. Ajans da ya yarda da kansa yakan karɓi wannan sharaɗi ko ya nemi a sasanta a tsakiya.

Sai tambaya ta biyu: kason daga wane kuɗi ake cirewa, kafin dandali ya ɗauki nasa ko bayan ya ɗauka? YouTube na riƙe kashi 30 na kuɗin membobin tasha, ya ba mai tasha 70. Idan membobi sun biya abin da ya kai 500,000, abin da ya rage 350,000 ne. Kashi 40 na 500,000 shi ne 200,000, ya bar maka 150,000. Kashi 40 na 350,000 kuwa 140,000 ne, ya bar maka 210,000. Kalma ɗaya a takarda, bambancin 60,000 duk wata, 720,000 a shekara. Haka kuɗin cirewa da harajin kashi 0.2 da Kamaru ta ɗora kan turawa da cire kuɗi ta waya tun 2022: ƙanana ne, amma a rubuta wanda zai ɗauke su. Kuɗin talla ma haka. In ajans zai sayi talla a Facebook da kuɗinka, a sa iyaka a wata, kuma ka ga rasit daga dandalin kansa.

Makulli

Wannan ya fi kaso muhimmanci, domin mummunan kaso asarar wata shida ce, rasa asusu kuwa asarar shekaru ce. Babu dalilin da zai sa ka ba ajans kalmar sirrinka. YouTube na da wurin ba da izini inda za ka gayyaci mutum a matsayin manaja, edita ko mai kallo kawai, ya shiga da nasa imel, ka cire shi ranar da ka so. Matsayin edita ya ishi mai ɗora bidiyo. Shafin Facebook ma na da iko iri biyu, cikakke da na aiki kaɗai. Wanda ka ba cikakken iko zai iya cire ka daga shafinka, don haka kada ka bayar. A Telegram ka zama kai ne mai zauren, ka naɗa su masu kula da iyakantaccen iko, ka hana su naɗa wasu.

Abu uku su kasance naka kai kaɗai: imel ɗin da aka buɗe asusun da shi, layin wayar da lambar tabbatarwa ke shigowa, da asusun da kuɗi ke sauka. Layin ya zama da katin shaidarka aka yi masa rajista, ba na ɗan'uwa ko na yaron shago ba, domin ranar da ya ɓace mai sunan ne kaɗai zai iya karɓo shi. Kuɗi su fara sauka a wurinka, kai ka tura wa ajans rabonsa bayan ya kawo takardar lissafi. In ya ce tsarinsu shi ne kuɗi su bi ta wurinsu, aƙalla ka sami ikon ganin allon kuɗin da idonka a dandalin, kada ka dogara da hoton da za a turo maka.

Akwai tarkon da ya fi kama mutanenmu. Ba kowace ƙasa dandalan nan ke biyan masu shafi ba. Shirin TikTok na biyan masu bidiyo, misali, a ƙasashe ƙalilan aka buɗe shi, irin su Amurka, Ingila, Faransa da Jamus. Sai wani ya ce zai buɗe maka asusu da adireshin Faransa, ko ya haɗa tasharka da AdSense ɗinsa, wato asusun da Google ke biyan masu tashar YouTube ta cikinsa. AdSense na aika lambar tabbatarwa ta gidan waya zuwa adireshin da aka rubuta, ba ya biya sai kuɗi sun kai dala 100 ko yuro 70, kuma sunan da ke kan asusun shi ake biya. Ma'ana kuɗin nasa ne a idon kamfanin, kai baƙo ne. In dandalin ya gano bayanin ƙarya ya rufe asusun, ba ka da bakin kai ƙara. Mai masu kallo a Garwa, Kuseri, Mubi da Yola sau da yawa ya fi samun kwanciyar hankali da zauren Telegram da kuɗin waya, ko da yake sai ya tanadi hanyar karɓar naira daga na tsallaken iyaka, ya kuma riƙa sabunta farashinsu saboda naira na motsi, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957.

Wa zai yi magana da bakinka?

Manyan ajans na ɗaukar ma'aikata masu amsa saƙo da sunan mai shafi. Ka tsaya a nan ka yi tunani sosai. Matar aure a Ngaundere da ta biya don ta koyi yankan riga tana rubuto tambaya ne da yaƙinin malamarta ce ke karantawa, wataƙila har da hoton kanta sanye da abin da ta ɗinka. In wani saurayi ne a Duwala ke buɗe saƙon, an ci amanarta ko da bai yi komai da shi ba. Ga kuma harshe: masu biyanka na rubutu da Hausa, wani ya cakuɗa da Fulatanci, wani da Larabcin Shuwa, wani ya aiko da murya. Wanda ba ya jin waɗannan zai amsa da Faransanci na ofis, mutane su ji baƙon hannu su janye. Mafita ita ce mataimaki ya amsa da sunansa a matsayin mataimaki, a kan maganar biya da shiga zaure kawai, tambayar ilimi kuma ta jira ka. Ga mai koyar da addini ko abin da ya shafi lafiya, wannan ba abin sasantawa ba ne. A kuma rubuta irin tallan da ba ka yarda a ɗora ba, kamar caca ko maganin da ba a san asalinsa ba.

Takarda

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, wadda ake amfani da ita a Kamaru da Chadi duka ƙarƙashin dokokin OHADA (ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka), da lambar haraji, da adireshin da ƙafa za ta iya zuwa. Ka nemi su haɗa ka da mutum biyu da suke wa aiki yanzu da ɗaya da suka rabu da shi. Na ukun nan ne zai gaya maka gaskiya. Wanda ya nemi kuɗin rajista kafin ya fara aiki, ko ya yi alkawarin mabiya dubu goma a mako, ka sallame shi. Mabiyan saye ba sa biyan abonema, kuma dandali na hukunta shafin da aka kama da su. Haka mai tace bidiyon da ke ɗora waƙar mutane ba izini: gargaɗin haƙƙin mallaka uku a YouTube na iya rufe tasha, kuma tasharka ce za ta tafi.

Kwantiragin farko kada ya wuce wata uku na gwaji, da damar fita bayan sanarwar kwana 30, ba tare da sabunta kansa ba. A rubuta cewa bidiyo, sunan shafi da jerin masu biya mallakarka ne, ajans na da izinin amfani da su ne muddin kuna tare. Ka kula da sharaɗin da ke ba su kamasho bayan rabuwa. In dole ne, ya tsaya kan cinikin tallan da suka ƙulla da kansu, na ƙayyadadden lokaci. In an ɗora maka adadin bidiyo a mako, a sa uzurin rashin lafiya, ɗaukewar wuta da yankewar intanet. Mutanen Chadi ba su manta an toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 ba, wata 16 cur. Sannan a faɗi kotun da za a je in an saɓa. Takardar da ta ce sai a Dubai ko Faris za a yi shari'a, ga mutumin Marwa daidai take da babu. In da Faransanci aka rubuta ta kuma ba ka ƙware ba, kuɗin da za ka ba lauya ya karanta maka shafi huɗu bai kai kamashon wata ɗaya ba.

Ranar rabuwa kuma a bi ta da tsari. Kafin ka aika sanarwa, ka sauke jerin masu biya da ranar da kuɗin kowa zai ƙare, ka kwafe ainihin bidiyoyinka zuwa ma'ajiyar da ke hannunka. Ranar da wa'adi ya cika ka cire izininsu a kowane dandali, ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ka canza kalmar sirri, ka soke tsofaffin hanyoyin gayyata na Telegram ka fitar da sabbi. Daga nan ka yi wa masu biyanka saƙon murya da bakinka, ka faɗa musu lambar da za su riƙa tura kuɗi daga yau, ka kuma ce duk wata lamba da ba wannan ba, ba taka ba ce.