Kuɗin ƙungiya da ake yanka a albashina: me na samu?

Shekarata 17 ina koyarwa a firamare, a wani ƙauye da ke cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Duk tsawon shekarun nan babu watan da ba a yanki kuɗin ƙungiyar malamai ba tun kafin alat ya shigo wayata. Kwanan baya ƙanena, da ya fara aiki bana, ya duba takardar albashinsa ya ce, "Yaya, wai me mutanen nan suke tsinana mana?" To, ga amsata, yadda mutum ke ba da labarin shagon da ya daɗe yana ciniki.

Ban san amfaninsu ba sai ranar da sunana ya faɗi a tantancewa. Shekarar haihuwar da ke cikin fayil ɗina daban, wadda banki ya rubuta daban, bambancin shekara ɗaya tak. Wata biyu babu ko sisi. Sau uku ina zuwa wani ofishi a birni. Ran farko aka ce mai sa hannu ya tafi taro, ran na biyu babu wuta, ran na uku masinja ya ce fayil ɗin ma bai iso ba. Kuɗin mota kaɗai ya cinye mini akuya guda.

Hedimastanmu ne ya ce in je wurin sakataren reshe. Na same shi a ofishinsu, ɗaki ɗaya da benci biyu da kabad ɗin ƙarfe wanda sai an doke shi yake buɗewa. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Malam, ba kai kaɗai ba ne, kai ne na tara." Ya karɓi takardar ɗaukar aiki da ta shaidar shekaru, ya sa na yi rantsuwa a kotu, ya haɗa mu tara a wasiƙa ɗaya. Shi ya san teburin da takarda ke kwana, ya san wanda ake cewa "ranka ya daɗe" da wanda ake ɗaga wa murya. Mako uku aka mayar da sunana, ariyas ya biyo baya a wata na gaba. Na kai masa ƙwan zabi, ya ce in mayar wa yara. Wannan aikin kaɗai ya halatta musu abin da suka yanka na shekaru.

Maganar mafi ƙarancin albashi kuwa aikin manyansu ne na Abuja. Ina cikin aiki aka sa dubu 18 a 2011, aka koma dubu 30 a 2019. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, babur ɗina ya koma na zuwa kasuwa kawai. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki ran 3 ga Yunin 2024, har wutar ƙasa ta ɗauke, a watan Yuli Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dubu 70. Jigawa ta amince da dubu 70, Kano ta ɗora dubu ɗaya a kai. An yi ƙoƙari. Sai dai kafin ƙarin ya iso aljihu, ɗan tireda ya riga ya ji labari a rediyo.

Inda nake da ƙorafi shi ne bashin kayan azumi. Tsarin ba laifi: ka rubuta suna, a ba ka shinkafa da sukari da taliya da man girki, a riƙa cira wata shida. Amma bara kayan ba su iso ba sai azumi na da kwana goma sha ɗaya. Da na zauna na yi lissafi da farashin Gujungu, buhun shinkafar ya fi na kasuwa tsada, kuma ba ta fi wadda ake casa a nan Hadejia kyau ba. Uwargida ta auna sukarin da kwanonta, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Na tambaya a taro wa ya kawo kayan, da nawa aka saye, ciyaman ya ce, "Kwamared, za a kawo bayani a zama na gaba." An yi zama biyu tun daga lokacin.

Wani abin kuma, taro kullum a hedikwatar ƙaramar hukuma, da yamma. Malamai mata na ƙauye ba sa iya zuwa su dawo kafin magariba, don haka ba a jin bakinsu. Kuma ina so in ji muryar ƙungiya kan ajin da iska ta yaye wa kwano, da ɗalibai fiye da tamanin da nake fama da su a kan tabarma, kamar yadda nake jin ta idan an taɓa albashi. Sau ɗaya suka rubuta wasiƙa a kai, aka kawo mana benci ashirin. Ashe idan sun rubuta ana ji.

Idan maki zan ba su kamar yadda nake ba yara, bin takarda tara bisa goma, kayan azumi huɗu. Na ce wa ƙanena ya ajiye lambar sakatare, ya yi hoton duk takardunsa kofi biyu ya sa a leda. Kayan azumi kuwa bana na fasa rubuta suna, na shiga adashin malaman makarantarmu, kwasata za ta faɗo a Sha'aban.