Baharen da Burunai: sunan ne kawai ya yi kama

Ɗan'uwan da ya tambaya ko Baharen da Burunai ƙasa ɗaya ce, kuma in ba ɗaya ba ce wacce ta fi kayan tarihi: Malam, ba kai kaɗai sunayen nan ke rikitawa ba. Dukansu ƙanana ne, masu sarauta da arzikin mai, kuma Ingila ta riƙe su. Baharen ta samu 'yanci a 1971, Burunai sai 1984. Daga nan hanya ta rabu.

Baharen tsibirai ce a Tekun Fasha, dab da Saudiyya. Gadar Sarki Fahad mai kilomita 25 ce ta haɗa su, sai ka karya kumallo a Manama, babban birnin Baharen, ka yi azahar a Dammam ta Saudiyya. Busasshiyar ƙasa ce, faɗinta bai kai murabba'in kilomita 800 ba, ga mutum wajen miliyan ɗaya da rabi cunkushe a ciki. Burunai kuwa can tsibirin Borneo take, a kudu maso gabashin Asiya. Ta ninka Baharen sau bakwai a faɗi, amma jama'arta ba su kai rabin miliyan ba. Kurmi ne kore shar, kuma wani yanki na Malesiya ya tsaga ta gida biyu, sai a 2020 aka buɗe gadar da ta haɗe su.

In tsohon tarihi kake nema, Baharen ta yi wa Burunai fintinkau. Nan ce cibiyar daular Dilmun, wadda ta yi fatauci da mutanen tsohuwar Iraƙi shekara dubu huɗu da suka wuce. Ƙal'atul Baharen tudu ne na gini a kan gini, kowace al'umma ta zo ta ɗora nata, har Turawan Fotugal suka kafa ganuwarsu a samansa a ƙarni na 16. A garin A'ali za ka ga kaburburan Dilmun jere kamar suri, wasu a bayan katangar gidajen mutane. Ga Masallacin Khamis mai tagwayen hasumiya, ga gidajen attajiran lu'ulu'u a Muharraƙ, domin kafin a tono mai a 1932 nutso cikin teku neman lu'ulu'u ne sana'ar ƙasar. Ɗalibai kuma su lura: Baharen ɗin da ke cikin littattafan hadisi ta fi wannan faɗi, ta haɗa da gabar gabashin Saudiyyar yau.

Manyan gine-ginen Burunai sababbi ne. Masallacin Umar Ali Saifuddin mai ƙubbar zinare a 1958 aka gama shi. Abin da ya fi burge ni shi ne Kampong Ayer, gari guda a kan kogi: gidajen katako bisa dirkoki, da makarantu da masallatai, kwalekwale mai inji kuma shi ne tasi. Fadar Sarki Hassanal Bolkiah ɗaki 1,788 gare ta, kuma da ƙaramar Sallah ana buɗe ta, talaka ya bi layi ya gaisa da Sarki, ya ci abinci.

Ta fuskar addini ma kowa da kiwon da ya karɓe shi. A Baharen da yawan 'yan ƙasa 'yan Shi'a ne, gidan sarautar Al Khalifa kuwa Sunni, kuma wannan na cikin abin da ya rura zanga-zangar 2011. Akwai coci-coci, da wurin ibadar 'yan Hindu da ya haura shekara 200 a kasuwar Manama. Burunai mazhabar Shafi'i take bi, ba a sayar da giya, tun 2014 ta fara aiki da dokokin shari'a na hukunta laifuka, kuma ranar Juma'a daga sha biyu zuwa biyu shaguna a rufe suke. Allunan bakin titi ma har da rubutun Jawi, wato ajaminsu: almajirin da ya iya namu zai haɗa baƙaƙen tsaf, sai dai Malayanci zai tarar a ciki.