Injin juya jini mai kyau, amma birkinsa ya ɓata min aiki

Da farko na yaba wa injin nan sosai. Ba ya ƙara, ba ya rawa a kan tebur, kuma ƙaramin janareta na ɗaukarsa, abin da duk mai bincike a Samaru ya san darajarsa. Mai raba jini don gwajin yau da kullum zai ji daɗinsa.

Ni kuwa aikina a kan filetilet ne, ƙwayoyin nan da ke daskarar da jini. Gutsattsari ne da ke ɓallowa daga manyan ƙwayoyin ɓargo, ba su da cibiyar ƙwayar halitta (nucleus), kwana 7 zuwa 10 sun mutu. Duk da haka suna ɗauke da ɗan RNA da suka gada, wato saƙon da ƙwaya ke bi wajen ƙera furotin, suna ƙera furotin da shi idan aka tayar da su. Wannan ɗan abin nake aunawa. Farar ƙwayar jini ɗaya kuwa RNA ɗinta ya ninka na filetilet sau dubbai, don haka in 'yan kaɗan suka kutso, furotin ɗinsu za ka auna ba ka sani ba.

Shi ya sa ake juya jinin a hankali, wajen 200 g (ma'aunin ƙarfin juyi ke nan), ba a cikin sanyi ba, a bar injin ya tsaya don kansa. Kafin in biya sai da na tambayi mai sayarwa ko ana kashe birkin, ya ce ƙwarai. Ashe babu maɓallin ma! Lokaci na cika ya ja birki kwatsam, ina kallo farin layin nan na tsakiya, inda fararen ƙwayoyin jini ke taruwa, ya tashi ya gauraye da ruwan jinin da ke sama, inda filetilet suke. Da na duba CD45, alamar fararen ƙwayoyin jini, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Jinin mutane ne fa, bayin Allah da suka taso tun daga Kongo da Tudun Wada suka miƙa hannu ba don kuɗi ba. Wannan ya fi kuɗin injin ƙona min rai.

Na kira mai sayarwar, wai "Malam, ai duk haka suke, ka sake juyawa mana." Wanda ya taɓa aikin ya san yawan juyi tayar da filetilet yake, su dunƙule tun ba a fara gwaji ba.

Kai, yabon farkon ma na rage shi. Allon injin, gudun juyi kawai yake nunawa, ba g ba, takardar kuma ba ta faɗi faɗin abin juyin ba, sai da na sa ruula na auna kafin in lissafa g. Na mayar da shi kwalinsa, na ce ya aiko a ɗauka a dawo min da kuɗina.