Kafin ka sayi kayan barci ga ɗan'uwanka da ke kwance a asibitin ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa jinyar mai lalurar ƙwaƙwalwa ya san barci na cikin magani. Mai ciwon da ke sa yanayin ransa hawa da sauka, in ya kwana biyu bai runtsa ba, sai ka ga ciwon ya motsa. Shi ya sa dangin waɗanda aka kwantar, ko a Asibitin Tarayya na Ƙwaƙwalwa da ke Kware ko a wani wuri, kan shiga Babbar Kasuwar Sakkwato su kwaso kaya. Wasu kayan ba za su ma wuce ƙofar ɗakin ba. Don haka kafin ka ciro ko sisi, tsaya wajen nas ɗin da ke kula da ɗakin: “Sista, don Allah me aka yarda a shigo da shi?” Duk abin da ke da igiya, wayar lantarki ko ƙarfe ana iya hana shi, saboda majinyaci na iya cutar da kansa da shi.

A Sakkwato zafi ne babban ɓarawon barci. Daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, bango kuma ya riƙe shi har tsakar dare. Ga majinyacinmu abin ya wuce takura kawai. Magunguna irin su chlorpromazine suna rage wa jiki ikon sanyaya kansa, mai shan lithium kuwa in ya yi gumi da yawa bai sha ruwa ba, maganin na iya taruwa a jininsa har ya zama guba. Saboda haka ni dai in kuɗi kaɗan ne, fanka ce farko. Ƙarama mai caji ta fi babbar mai tsayuwa dacewa: ba ta cin wuri, tana aiki in an ɗauke wuta, kuma kana iya tafiya da cajar ka bar fankar kawai. Kunna ta a shago, ka kanga kunnenka. Wadda ke ƙarar kaca-kaca ko mai fitila mai haske a jiki, ajiye ta. Tambayi awa nawa batirin ke kaiwa a ƙaramin gudu. Mai sola tana da kyau a gida, amma wayoyinta sun yi yawa ga irin wannan ɗaki. In iskar kanta ta yi zafi, a jiƙa ɗan tawul a shafa wa jiki, sannan a kunna; busasshiyar iskarmu tana sa hakan ya yi aiki sosai.

Sai sauro, musamman da damina. Gidan sauro mai magani shi ne mafi inganci, amma igiyoyin rataya shi ne matsalar, wanda ke tsayawa da kansa kamar tanti kuma da ƙarfe a cikinsa. In an hana duka biyun, man shafawa na korar sauro da doguwar riga mara nauyi sun wadatar. Igiyar leƙo kuwa kada ma ka fara: wuta ce, ga hayaƙi.

Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada, yana kuma rage munshari da hayaniyar maƙwabcin gado. Amma ga mai jin muryoyi, shiru na iya ƙara masa su, don haka likita ne zai yanke. Abin rufe ido yana taimakawa saboda ma'aikata kan zagaya da tocila cikin dare don duba majinyata, sai dai mai zargin ana bibiyarsa da wuya ya yarda a rufe masa ido. A birnin Trondheim na Norway har an gina ɗakin kwantar da masu lalurar ƙwaƙwalwa da fitilun da ke rage shuɗin haske da yamma don barci ya zo da wuri. Mu abin da za mu iya shi ne mu karɓe masa wayar hannu bayan Isha'i saboda haskenta, mu roƙi a bar shi ya sha hantsi da safe. Da hunturu, bargo ɗaya mai sauƙin wanki ya isa.

Abin da ba za ka saya ba ko da an rage maka kuɗi: ƙwayar barci daga kemis. Ƙwaya irin diazepam a kan magungunan da ake ba shi na iya danne numfashi, kuma jiki na sabawa da ita. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Duba kuma ledar ziyara: goro, shayi mai kauri, Nescafé da lemon ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafin, wanda rabinsa ke nan a jiki bayan awa 5 ko makamancin haka. Goron da kawu ya miƙa masa bayan Magariba don nuna ƙauna, shi ne zai hana shi runtsawa har ƙarfe 1 na dare. In barcin ya ƙi, rubuta lokacin da yake kwanciya da lokacin da yake farkawa, ka nuna wa likita ranar zagaye. Wani lokacin sauya lokacin shan magani kawai ake buƙata.