Wace Rauta Za Ka Saya Don Haɗa Ofisoshi Biyu Da VPN?

VPN tamkar ɓoyayyen bututu ne da ke haɗa kwamfutocin ofisoshi biyu ta intanet. Kafin ka taɓa aljihu, buɗe shafin rautarka (na'urar da ke raba intanet a ofis) ka duba adireshin da kamfanin intanet ya ba ka. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan CGNAT ne, wato kai da tarin mutane kuna raba adireshi ɗaya na waje, kuma ba mai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Haka Starlink ke yi a tsarinsa na gida, haka yawancin layukan waya.

Idan duka ofisoshin biyu haka suke, ka huta da wahala ka ɗauki manhajar Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, wani tsarin VPN. Ƙaramar kwamfuta ɗaya a kowane ɓangare ta isa. Sai dai kada ka manta ka amince da hanyoyin ofisoshin biyu a shafin gudanarwa na Tailscale, in ba haka ba ko ping, wato saƙon gwaji, ba zai wuce ba.

Idan kuwa ɓangare ɗaya na da adireshinsa na waje, ni MikroTik hEX zan ce ka saya. Tana da arha, kuma RouterOS 7, tsarin da ke tafiyar da ita, ya zo da WireGuard. Ba ta da fara'a ga sabon shiga, gaskiya, amma ba ta ɓoye maka komai. Tarkonta guda biyu ne. A WireGuard, rubuta adireshin ɗaya ofishin a wurin adireshin da aka yarda da su ba ya buɗe hanya. Sai ka je teburin hanyoyi ka ƙara da hannunka. A IPsec kuma, wanda shi ma tsarin VPN ne, dokar NAT (mai mayar da adireshin cikin ofis ya zama na waje) kan sauya adireshin saƙo tun bai shiga bututun ba, sai ka ga haɗi ya kama amma shiru kake ji. Maganinsa doka ɗaya ce da za ka ɗora a samanta, mai hana ta taɓa saƙon da zai je ɗaya ofishin.

TP-Link ER605 ta fi sauƙin saiti, amma ran da abu ya cije, bayanin da take nunawa kaɗan ne. FortiGate 40F kaya ce mai kyau, sai dai kuɗin lasisin tsaronta na shekara-shekara ya yi wa shago biyu nauyi.

Ko wacce ka zaɓa, kada ofisoshin su zauna a layin adireshi ɗaya. MikroTik biyu sababbi daga kwali duk 192.168.88.0/24 suke zuwa da shi, don haka kwamfutar Kano za ta ɗauka firintar Kaduna na nan kusa da ita, ba za ta ma nemi bututun ba. Mayar da ɗaya 192.168.20.0/24 tun tana kan teburinka, kafin ka ba direba ya tafi da ita.