Kifin teku ko na ruwan daɗi: wanne zai iya zama ɗakin gilashi a Damagaram?

Ɗan'uwa, ka ce ka kewaye barandarka da gilashi, rana na shiga tun hantsi, kana so ka sa akwatin kifin ado na lita 60, amma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin kifin teku da na ruwan daɗi. A ɗaki irin wannan, na ruwan daɗi muke ba ka shawara.

A Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan haura digiri 40, a Disamba da Janairu kuma hunturu kan sauko da shi kusan 15 da asuba. Gilashi na tara zafi da rana, ya sake shi da dare. Ruwan lita 60 bai da yawan da zai riƙe zafinsa, duk inda ɗakin ya nufa can zai bi.

Kifin teku, irin ɗan ƙaramin nan mai ruwan lemo da fararen zane, digiri 24 zuwa 27 yake so, kuma kada bambancin dare da rana ya wuce digiri 1 ko 2. In ya wuce, kifin kan raunana, cutar fararen ɗige-ɗige ta kama fata da wurin numfashinsa. Ga kuma gishiri: gram 35 a kowace lita. Ruwa na ƙafewa, gishirin na nan. Lita 3 kawai ta tashi daga 60, ya koma kusan gram 37, kuma da busasshiyar iskarmu wannan aikin ƴan kwanaki ne. Ciko da tataccen ruwa marar gishiri ake yi kullum. Gishirin miya ko na Bilma ba ya aiki, sai haɗin da aka yi musamman don akwatin kifi, mai sinadaran ruwan teku. Ruwan gishiri kuma iskar numfashin da yake riƙewa ta gaza ta ruwan daɗi da kusan kashi 20 cikin 100, tana kuma ƙara raguwa in ya yi ɗumi. A ɗauke wuta da azahar, famfon da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya, sai ka tarar da kifi a sama yana haki.

Na ruwan daɗi ya fi haƙuri nesa. Ƙaramar karfasa tana walwala daga 25 har 32, sai ya sauka ƙasa da 20 take rage ci. Gufi da moli, wasu ƙananan kifayen ado, su ma suna jure ɗan hawa da saukar zafi, ba kuma lissafin gishiri. Kifin zinariya dai a bar shi, ruwa mai sanyi-sanyi yake so. Su ma karfasa, gufi da moli ba a bar su cikin rana tsaye: a rataya asabari ko labule mai kauri, in ba haka ba ruwan zai wuce 35, gansakuka ta rufe gilashin.

In zuciya ta kafe kan na teku, a kai shi ɗakin ciki. A nemi akwatin lita 200, da hita mai wat 200 a saita ta a 25, da batir ko sola na famfon iska. Fanka a kan ruwan tana rage digiri 2 zuwa 3 lokacin rani, amma a Agusta da iska ta jiƙe ba ta taɓuka abin kirki, bazara kuwa sai na'urar sanyaya ruwa. Jefa gorar ƙanƙara ba magani ba ne, hawa da saukar da ake gudu take ƙarawa. A bar akwatin mako 4 zuwa 6 ba kifi, ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su kama.

Kafin ka kashe ko dala, cika akwatin da ruwa zalla a inda kake so ya zauna, ka sa ma'aunin zafi, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba da la'asar har mako guda. In tazarar ta wuce digiri 2, kifin teku ba zai zauna a wurin ba.