Turo wuƙa a Ingila: hanyar da na yarda da ita da waɗanda ban ko kallo

Salam jama'a. Tunda Babbar Sallah ta matso wayata bata huta ba, wannan yana son wuƙar yanka nama, wancan mai tsire ne a wani gari yana so in wasa masa nasa in mayar masa, kuma tambayar duk ɗaya ce, Malam ta wace hanya za a turo. Na daɗe ina sayar da wuƙaƙen kicin da na fawa ga mutanenmu a nan Ingila, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

A ƙasar nan laifi ne ka sayar ma wanda bai kai shekara 18 ba wuƙa, a Sikotland ne kawai aka ɗan sassauta ɗan 16 zai iya sayen ta kicin. Sannan dokar makamai ta 2019, wadda wannan sashen nata ya fara aiki a Afrilun 2022, ta ce in ka sayar daga nesa, ta intanet ko ta waya, dole ka tantance shekarun mai saye, ka rubuta a jikin kwalin cewa akwai abu mai kaifi a ciki, kuma a damƙa shi hannu da hannu ga wanda ya kai 18. Ba a ajiyewa a bakin ƙofa, ba a sakawa a loka, wato akwatunan nan masu kulle da mutum ke zuwa ya ɗauki kayansa da kansa. Kuma kai mai sayarwa ne za a fara nema in abu ya lalace.

Ni Royal Mail, wato gidan waya na Birtaniya, nake amfani da shi, kuma bana ɓoyewa, shi nake so. Tun 2024 suka tsaurara, yanzu wuƙa bata tafiya sai da tsarinsu na tantance shekaru da suke kira Age Verification, kuma ba a sayensa a kantar gidan waya, sai ka shiga Click & Drop ta intanet ka zaɓi Tracked 24 ko Tracked 48 mai tantance shekaru, ka biya, ka buga takardar ka manna. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su je layi da kwali su sayi kan sarki na yau da kullum suna ganin sun gama, alhali sun karya ƙa'ida. Abin da yasa na riƙe su shine yadda suke yi a bakin ƙofa. In ma'aikacin ya ga fuskar mai karɓa kamar bai kai 25 ba sai ya nemi fasfo ko lasin tuƙi, in babu to babu kaya, ba zai ba maƙwabci ba, ba zai tura bayan kwandon shara ba, zai bar kati ya koma da kayan ofishinsu, a can ma sai an nuna shaida. Wani kwastoma na ya taɓa kirana yana faɗa wai an hana ƙaninsa karɓa saboda ba shi da fasfo a hannu, nace masa Alhaji ai wannan hanawar ita na biya kuɗi a yi. Kana ganin tafiyar kayan a wayarka daga fita har isa, kuma shaidar tana nan a ajiye in wata rana 'yan sanda ko jami'an kula da ciniki na ƙaramar hukuma sun tambaya. Ya fi aike na yau da kullum tsada da 'yan fam, ni dai ina ɗorawa a kan farashi ne ina gaya ma mai saye dalili. Tracked 48 ya ishe ka in ba gaggawa, satin Sallah ne kawai nake komawa 24.

Sauran kamfanonin aike kuwa ba sai na ja ba. Evri wuƙa tana cikin jerin abin da basa ɗauka. Parcelforce sun rufe ƙofa tun 2024. DPD suna da tantance shekaru amma harkar masu asusun kasuwanci ce, ba ta mai kwali uku a sati ba. Loka kuma doka ce ta hana, magana ta ƙare.

Yanzu ga wanda ya ƙona ni. Kafin in san duk wannan akwai wani mai mota da ake tallarsa a wani guruf ɗinmu na WhatsApp, yana zagaya garuruwa da kaya, kuɗinsa rabin na gidan waya, ya rantse min shi ma yana duba shaida. Na ba shi saitin wuƙaƙe guda huɗu har da ta datsa ƙashi. Ya je bai samu kowa ba sai ya jingine kwalin a ƙofa ya turo min hoto wai an kai. Yaron gidan ɗan shekara tara ne ya dawo daga makaranta ya ɗauka ya buɗe. Allah ya kiyaye bai yanke ba, amma muryar uwar yaron a waya har yau tana kunnena, kuma da gaskiyarta. Araha bata ado. Daga ranar duk wanda zai ɗaukar min wuƙa abu ɗaya nake tambaya, in babu kowa a gida me zaka yi da kayan, in ya fara cewa ai za a duba wuri mai kyau a ajiye to mun rabu.

Kuma 'yan damfara sun cika harkar nan wallahi. Akwai masu sayar da takardar aike mai arha a Facebook, su ce maka ta tantance shekaru ce, ko dai ta bogi ce ko an saya da katin banki na sata, kayanka su maƙale kuma sunanka ne a jiki. Ka sayi taka da hannunka. Akwai saƙon tes da ake turo ma mai jiran kaya wai an zo ba a same shi ba ya danna nan ya biya kuɗin sake kawowa, ƙarya ce, sake kawowa gida kyauta ne a Royal Mail, ka tura saƙon zuwa 7726, lambar kai ƙarar saƙon damfara, ka goge. Sai masu saye na ƙarya, waɗannan su suka fi bani tsoro. Yaro ya ɗauki lasin babansa ko yayansa ya turo hoto, sunan da ke kan shaida daban na kan katin biya daban, yana ta matsa maka a kai wani adireshi ko a bar masa a shago. Irin haka aka sayi takobin da aka kashe wani yaro ɗan 16 mai suna Ronan Kanda da shi a Wolverhampton a 2022, da shaidar wani babba aka yi odar ta intanet. Ni in suna bai zo ɗaya ba ina mayar da kuɗi ne kawai, ko mutum zai yi fushi ya yi.

Kar kuma wani ya ruɗe ka da cewa tantance shekaru yana halatta komai. Wuƙar da ake danna maɓalli ta fito haramtacciya ce, manyan wuƙaƙe da addunan nan da ake kira zombi an hana su tun 24 ga Satumba 2024, takobin ninja tun 1 ga Agusta 2025. Wanda ya ce maka zai shigo maka da su a kwali an rubuta kayan kicin, gidan yari yake nema maka.

Naɗi ma a kula. In akwai kube a saka, in babu a naɗe kaifin da kwali mai kauri ninki biyu, a rufe tsinin sosai don shi ke fasa kwali ya soki hannun ma'aikaci, a ɗaure da salatif, a cike gefe da takarda har in ka girgiza baka jin motsi. Ambulan mai laushi bata yi. Sannan rubutun gargaɗin nan a waje manya-manya.

Masu tambaya ta ko za su tura ma 'yan uwa Kano ko Maraɗi ta wannan hanyar, a'a, Royal Mail cikin Birtaniya kawai yake ɗaukar wuƙa. In kana tafiya gida ka naɗe ta da kyau ka saka a babban akwatin da ake aunawa, ba jakar hannu ba.